Mutuwar Nabor ta Sittin da Biyu

Nabor Renteriya ya mutu sau sittin da ɗaya kafin ranar da aka binne shi. An harbe shi daga kan doki, an harbe shi daga kan rufin banki, an soke shi da takobin soja, sau biyu kuma an jefo shi ta tagar jirgin ƙasan da ba ya zuwa ko'ina. Duk a garinmu aka yi, Santa Rita, tafiyar awa ɗaya daga birnin Durango, a shekarun da Amurkawa suka gano cewa samanmu ya fi nasu shuɗi, mutanenmu kuma sun fi nasu araha. Suka kafa garin katako a bayan makabarta, gidaje masu fuska ba ciki, suka shiga ɗaukar finafinan kaboyi. Ni malamin makaranta ne, ina jin Turanci, sai na zama tafintansu.

Tun zamanin kakanni mutane iri biyu ne a Santa Rita. Akwai mu, da muke kiran kanmu masu hankali. Sunan ke nan, haka ma limaman coci na da suke rubutawa a littafin haihuwa. Akwai kuma Indiyo, 'yan asalin ƙasar, waɗanda ke zaune a kan duwatsu, suna saukowa ranar kasuwa da jakunkunan saƙa da saiwoyin magani. Ba wanda ya taɓa cewa ba su da hankali. Mu dai muka riga su ɗaukar sunan. Makabarta ma haka take. Masu hankali suna kwance daga bakin ƙofa inda itatuwa suke, Indiyon da mutuwa ta riska a gari kuwa sai can jikin katangar baya, inda ake zubar da busassun furanni.

Kowane fim ɗin kaboyi yana bukatar Indiyon da za a kashe, da yawa kuwa. A shekarar farko, 1955, wasu maza bakwai suka sauko daga dutse da suka ji ana ɗaukar aiki. Suka tsaya a layi da fararen wandunansu, malafunansu a hannu. Daraktan ya zagaya su sau ɗaya. Gajeru ne, ba sa ɗaga murya, ba sa kallon mutum cikin ido, ba ko ɗaya mai gashin tsuntsu a ka.

"Ka yi musu godiya," ya ce mini, "amma ka faɗa musu Indiyo nake nema."

Na faɗa musu. Suka sa malafunansu suka kama hanya.

Sarautar Indiyo ta faɗa hannun Don Anuwar, ɗan Labanan mai kantin yadi, saboda dogon hancinsa. Sauran kuwa magidantan gari ne. Ana shafe su da jar ƙasa kwaɓe da man alade, a ɗora musu gashin jelar doki, a soka musu fiffiken talotalo, a ce sun zama Apache, ƙabilar da ba wanda ya taɓa gani a Santa Rita. Aikinsu su zagaya keken doki suna ihu har a harbe su.

A wannan aiki ba wanda ya kama ƙafar Nabor. Kowa na iya faɗowa daga doki, amma shi yana faɗowa kamar wanda aka zalunta. Yakan saki linzami, ya dafe ƙirji, ya dubi sama, ya zame a hankali, hannu ɗaya ya maƙale a igiya doki ya ja shi taku goma. Idan aka ce a yi yaren Indiyo, kowa yakan ƙirƙiri nasa. Nabor yana jero sunayen barkono a juye, da murya mai kauri, kuma Amurkawa sun fi son nasa.

Ranar Asabar a mashaya shi ne abin kallo.

"Nabor, yau sau nawa ka mutu?"

"Biyu da safe, ɗaya bayan abinci. Ta ukun ba ta yi kyau ba, gobe zan sake ta."

"Gawa ba ta shan giya, ka bar mana kofin."

"Gawar Indiyo tana sha, in wani ne zai biya."

"To yi mana tsohuwa a kasuwa."

Sai ya ranƙwafa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu, ya shiga cinikin jakar da babu ita, yana gunagunin barkononsa. Ya san yadda mutanen dutse suke riƙe malafa, da yadda suke zama a ƙasa, da shirun da suke yi kafin su amsa magana. Mutane suna hawaye don dariya, suna cewa baiwa ce.

Ba baiwa ba ce. A kan dutse aka haife shi. Wannan daga bakinsa na ji, shekaru bayan komai ya wuce. Yana ɗan shekara tara ya gudu ya bi wani farke mai alfadarai, ya yi shekaru a hanya, ya koyi Sifaniyanci har ba a jin gargada a harshensa, ya ɗauki sunan maigidan. Da ya iso Santa Rita ya ce shi mutumin Zakatekas ne. Duhun fatarsa ya ɗora wa rana, rana kuwa tana da yawa a Zakatekas. Ya kama aiki a wurin Don Meliton mahauci, a 1948 ya auri 'yarsa Edubihes.

Mako ɗaya bayan biki surukin ya kai shi makabarta, ya nuna masa layinsu a ƙarƙashin itace na biyu daga ƙofa.

"Nan ni, nan uwarta, nan ita. Nan kuma kai, in ka yi hankali."

Nabor bai taɓa mallakar fili ba a duniya sai wannan taku bakwai. Yakan je ya cire masa ciyawa. Duk abin da ya yi bayan haka, don ya kwanta a nan ya yi shi.

A shekarar auren ne wata mata daga dutse ta fara zama ranar kasuwa a kan dakalin da ke fuskantar rumfar nama. Yadda ta gano shi, shi ma bai sani ba. Tana shimfiɗa jakunkuna uku ko huɗu, ba ta kiran mai saye, ba ta damu a saya ba.

"Matar nan za ta cinye mana nama da ido," in ji Edubihes. "Nabor, kore ta."

"Rabu da ita, ba sa jin magana. Sai ka yi ta yi kamar da bango."

Kowane jajibirin kasuwa yakan ajiye ƙaramin buhun masara a bayan coci, ƙarƙashin wani dutse, washegari babu shi. Shekara ashirin suka yi a haka, shi yana sara ƙashi, ita tana kallo, ba wanda ya ce wa wani uffan.

A 1968 wani sabon darakta ya zo, matashi mai gemu, wanda ya ce ya gaji da ƙarya, gaskiya yake so. Don haka ya rage fiffiken talotalo, ya sa aka rataye na'urar ɗaukar murya kusa da wurin faɗuwa domin a ji nishin masu mutuwa. Don Anuwar ya ci gaba da sarauta.

A rana ta huɗu dokin Nabor ya zura ƙafa a ramin kurege yana cikin gudu. Ya kife, ya danne shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Ina tsaye kusa da daraktan na ji ƙarar. Sai Nabor ya buɗe baki, abin da ya fito kuwa ba barkono ba ne. Na taɓa koyarwa shekara biyu a wata makaranta a kan dutse, na tsinci yaren daidai gwargwado, kuma maganar ba ta da wuya.

"Inna, ƙafata. Inna, zo ki ɗauke ni. Ba zan ƙara gudu ba."

Ya yi ta maimaitawa. Mutane suka zabura za su je, daraktan ya ɗaga hannu, suka tsaya. Kyamara ta ci gaba da juyawa kusan minti ɗaya.

"Me yake cewa?" ya tambaye ni a kunne.

"Ba komai. Surutunsu ne na wasa."

"Wannan mutum ɗan wasa ne na gaske. In ka rufe ido sai ka rantse Indiyo ne."

Na je duba shi a asibiti a Durango. Ya jira Edubihes ta fita neman ruwa.

"Malam, me na ce?"

"Sunayen barkono."

Ya daɗe yana kallona.

"Za su yanke wurin daga fim ɗin?"

"Yawanci suna yankewa."

Ba su yanke ba. Bayan shekara ɗaya kamfanin ya aiko da fim ɗin a nuna wa gari kyauta, don godiya. Aka share ɗakin ajiyar hatsi, aka toshe tagogi da buhuna, aka sa ranar Lahadi da la'asar, wadda ita ce ranar kasuwa. Takardar kamfanin ta ce a buɗe ƙofa ga kowa, saboda haka aka bar matan dutse su tsaya a baya, kusa da ƙofar. A layin gaba akwai shugaban gari, da Fada limamin coci, da Don Meliton, da Edubihes cikin sabuwar riga, da Nabor da sandarsa, ya ɗaura laktaye.

Mun sha dariya. Duk wanda ya bayyana a bango sai a kira sunansa, a tuna masa matarsa na kallo. Don Anuwar ya yi jawabin yaƙi, wani daga baya ya tambaye shi nawa ne yadin. Sai dokin ya kife, fuskar Nabor ta cika bangon, jar ƙasa da gumi da gashin doki a karkace, muryarsa ta cika ɗakin. Aka tafa. Wani ya ce yau barkonon ya yi zafi.

Tun ba a gama tafi ba na ga inuwa ta hau bangon. Tsohuwar dakali ce ta taho ta tsakiyar kujeru, jakarta a kafaɗa, hasken na'ura yana dukan bayanta. Ba bangon ta nufa ba, ta san hoto. Shekara guda tana ganin sa yana ɗingishi ba ta san abin da ya faɗa ba, yau ta ji. Ta tsaya a gabansa, ta ɗora hannu a kan ƙugun da ya karye, ta kira shi da wani suna gajere wanda ban taɓa ji ba.

"Na ji ka," ta ce da yarensu. "Ga ni. Tashi mu tafi gida."

Mai na'ura ya tsayar da fim, wani ya janye buhu daga taga. Ba wanda ya fahimci kalmomin in ban da ni da matan da ke baya, amma an ga hannun.

"Nabor," in ji Edubihes, "me matar nan take so?"

Don Meliton yana ta sakace.

Nabor ya dogara sanda ya miƙe. Ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa, ya dubi tsohuwar. Sai ya ranƙwafa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu, ya fara jero mata sunayen barkono a juye da muryar nan mai kauri. Wani ya tuntsire a baya. Nabor ya zare jakar daga kafaɗarta, ya jujjuya ta, ya shinshina, ya nuna yatsu uku, ya girgiza kai, ya nuna biyu. Ya kwaikwayi tsayuwarta, ƙafafu a haɗe, kai a karkace. Yanzu ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har Fada ya cire tabarau yana goge ido. Ban taɓa ganin ya yi wasan da kyau haka ba, ga samfurin a gabansa.

Ta jira ya gama. Ta yi shirun nan nasu. Sannan ta ce da Sifaniyancinta na kasuwa:

"Yi haƙuri, maigida. Na ɗauka wani ne."

Ta juya ta fita, sauran matan suka bi ta. Jakar ta rage a hannunsa. Aka mayar da buhun taga, aka ƙarasa fim, sojoji suka yi nasara.

A bakin ƙofa Don Meliton ya dafa kafaɗarsa.

"Suruki, shekara ashirin da ɗaya ina kallon ka kana kwaikwayo, ban taɓa ganin ka yi kamar yau ba."

Nabor ya yi godiya. Fim shekararsa goma sha huɗu da zuwa Santa Rita. Aurensa ne ya yi ashirin da ɗaya.

Mako na gaba dakalin ya kasance ba kowa. Ya ajiye masara a bayan coci, kajin Fada suka fasa buhun. Ya sake ajiyewa, suka sake. Sai da ya yi shekara biyu kafin ya ɗauki hayar alfadari, ya ce wa Edubihes za shi neman shanun yanka, ya hau dutse da ƙugunsa guda da rabi. Ya sami ƙauyen ba wuya. Mutanen suka cire masa malafa, suka kira shi maigida, suka amsa masa da Sifaniyanci. Suka ce matar da yake tambaya ta rasu a sanyin da ya wuce. Ya nemi a nuna masa kabarin, suka ce ba sa nuna wa baƙi. Sai ya gwada faɗa musu ko shi wane ne da yaren. Ya ce mini kalmomin suna nan duka a kansa, amma da ya buɗe baki sai suka fito da muryar nan mai kauri, kamar yana mashaya. Wani dattijo, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da aka taɓa cewa ba su yi kama da Indiyo ba, ya ƙare masa kallo.

"Ai kai ne na fim," ya ce. "Yi mana faɗuwar mu gani."

Ya sauko ba shanu.

A gari ba abin da ya canza. Ana ce masa Don Nabor, yadda ake kiran manya, ana gayyatarsa biki, yana zama a bencinsu a coci. Ba wanda ya taɓa furta kalmar Indiyo a gabansa, mu mutane ne masu hankali. A mashaya dai an daina cewa ya yi tsohuwa a kasuwa, shi ne yake tashi ya yi ba a roƙe shi ba, a yi dariya kaɗan. Da Don Meliton ya rasu a 1975 aka kwantar da shi a ƙarƙashin itace na biyu. Bayan wata shida matar wani ɗan ɗan'uwan marigayin ta rasu a haihuwa, aka sa ta a taku bakwai ɗin da Nabor ke cire wa ciyawa. Edubihes ta ce abin ya zo da gaggawa, za a nemi wani wuri in lokaci ya yi. Nabor ya ɗauki gawar tare da sauran maza.

Amurkawa suka gaji da kaboyi, suka daina zuwa. Garin katako ya zama wurin yawon buɗe ido. Masu kula da shi suka ɗauki Nabor aiki, ya zauna a kujera a ƙofar mashayar katako, da gashin doki da fiffike da jar ƙasa, baƙi suna ɗaukar hoto da shi. Ya yi shekara goma sha biyar a kujerar. Wata Lahadi a 1994, mota ta sauke baƙi daga birni, suna tsaye a gabansa, ya saki sandarsa, ya dafe ƙirji, ya zame gefe ɗaya bakinsa a buɗe. Wasu suka tafa. Wani mai kyamara ya ce wa matarsa ya ga waɗanda suka fi wannan iyawa.

Layin Don Meliton ya cika tuntuni. Edubihes ba ta nemi wuri a bakin ƙofa ba, ba wanda kuma ya yi mata tayi. Jikin katangar baya akwai wuri, amma wannan zai zama an faɗi kalmar. Manajan garin katako ne ya fid da kowa kunya. Garinsa yana da tasa makabartar, ta fim, da gicciyen katako goma sha biyu waɗanda ba kowa a ƙarƙashinsu, kuma katanga ɗaya ta raba ta da ta gaske. Ya ce zai ɗauki nauyin akwati da dutse, in za a bar masa gashin da fiffiken a kan mamacin har a rufe. Shugaban gari ya sa hannu. Sabon Fada ya tsaya a ɓangarenmu ya yayyafa ruwa mai tsarki ta saman katangar.

Na raka Edubihes gida bayan jana'iza. Ta tsufa, tana tafiya tana hutawa.

"Doña Edubihes, yaushe kika sani?"

"Malam, shekara arba'in da shida ina kwana kusa da mutumin nan. Yana magana cikin barci. Ni ma na kusa iya yaren."

"Ba ki taɓa faɗa masa ba?"

"In faɗa masa me? Ya sha wahala a kan abin, kuma ya iya. Ba a katse ɗan wasa." Ta tsaya ta gyara mayafi. "Jakar nan na sa masa ƙarƙashin kai. Manajan ya ce a cire, ba ta yi kama da ta Indiyo ba. Na tura ta ciki yadda ba za ta fito a hoto ba."

Kabarin yana nan, shi kaɗai ne mai gawa a cikin goma sha uku. Kansa yana jikin katanga, taku ɗaya daga inda muke binne mutanen dutse da zubar da busassun furanni, ta ɗaya gefen. A kan dutsen an rubuta da Sifaniyanci da Turanci: Nabor, Apache na ƙarshe. Baƙi sukan tambayi mai zagayawa da su ko Indiyo ne na gaske. Mai zagayawar ɗan garinmu ne, jikan Don Anuwar, yaro mai hankali. Yakan kashe musu ido ya ce a'a, mahauci ne daga Zakatekas, amma ya iya sosai.